Dutsen Marka a Idon Gamji

Duk wanda ya taɓa shan farfesun kayan ciki a kasuwar Talatar Mafara bai tauna yashi ba, to ya gode wa Allah, sannan ya gode wa Marka. Idan kuwa ya tauna, ko dai wata ce ta wanke, ko kuma bayan shekarar bajimi ya sha, don tun daga shekarar nan hannun Marka na dama bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirjinta ba.

Marka 'yar Rundawa ce gaba da baya, wato mahauta. An haife ta a wani ƙauye tsakanin Morai da bakin gulbi, a gidan da ko kaza za ta shiga sai ta fara yin ban kwana da danginta. Ubanta ya yi suna a hawan ƙaho. Ranar jajibirin salla akan ɗaure bajimi da igiya biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya, makaɗa su saki kalangu, shi kuma ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyan sa har sai ya durƙusa. 'Ya'ya maza ke riƙe igiyar ƙafa. To shi Allah ya fara ba shi mace, kuma mace mai ƙashi, don haka Marka ta riƙe igiya tun ba ta fara ɗaura zane a ƙirji ba. Yakan ce mata, "Wanda ya tsaya nesa shi ƙaho ka samu. In za ki shiga, shige duka, ƙirjinki bisa goshinai." Sai dai bai taɓa barinta ta hau ba. Mace ba ta hawan ƙaho. Da ƙanenta Ɗan Asabe ya tasa aka miƙa masa gadon, ita kuma aka miƙa mata kwano da tumbi.

Ta yi aure sau biyu. Na farko ya ce zai je Bakura ya dawo, har yau ana jiran sa. Na biyu wani manomi ne mai haƙuri, Allah ya jiƙan sa, ya rasu da sauran maganar da bai sami sararin faɗa ba.

Aurenta na gaskiya da dutse ne. A gefen garin akwai idon ruwa da ake kira Idon Gamji, yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin saiwar gamji, ya gangara a hankali ya faɗa gulbi. Ko bazara ta gasa ƙasa ba ya ƙafewa. Kuma yana da tsarinsa tun kakanni: a sama ake ɗibar na sha, a tsakiya ake wanki, can ƙasa kuma, inda ruwa ke sallama da gari, akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse na Rundawa. A kansa kakar Marka ta wanke tumbi da hanji, a kansa uwarta ta wanke, har tsakiyarsa ya lotsa kamar akushi. Marka ta gaje shi. Da safe ta karɓo kayan ciki wajen Ɗan Asabe, ta juye dauɗar tumbin a wani rami da masu lambu ke zuwa su kwashe, ta murza, ta ɗauraye, ta juya hanji ciki ya koma waje da tsinke, bakinta kuma bai huta ba. Ba a ce ko ɗigo bai taɓa shiga ruwa ba. Amma abin da ya shiga, gulbi yake tafiya.

Sai ga Alhaji Muttaka. Dillalin shanu ne da Allah ya buɗa wa. Da kiwon daji ya zama kiwata wa ɓarayi, sai ya sayi tudun da ke saman Idon Gamji, ya zagaye shi da bulo da zana, ya cika shi da bijimai na turke, suna cin dusa da harawa suna abin da mai ci yake yi. Ya haƙa wani ƙaton rami a ciki inda ake tara kashi da fitsari, don ya riƙa zuba wa gonar shinkafarsa da ke gefe, ga kuma takin buhu yana watsawa kamar ba da kuɗi ya saya ba. Mutum ne mai fara'a, ya gyara rufin masallaci. Wa zai leƙa bayan katangar wanda ya gyara rufin masallaci?

Shekarar farko lafiya lau. Ta biyu, ruwa ya fara canza fuska. Gansakuka ta rufe shi kamar bargo, kainuwa ta biyo baya, magangarar ta toshe. Da hantsi sai wari ya tashi kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙananan kifin da yara ke kamawa da gwangwani suka taso, ciki sama. Gudawa ta shiga gari. Ɗiyar Taiba, maƙwabciyar Marka, sai da aka kai ta asibitin Mafara aka rataya mata ruwa.

Aka kira duba-gari. Ya zo ya tsuguna, ya ɗebi ruwan a gora ya ɗaga wa rana, ya ce, "Taki ne ya yi masa yawa. Abin da ke ƙosar da shinkafa shi ke ƙosar da gansakuka, ita kuma ta shaƙe ruwan. Ko takin buhu ne, ko ƙazantar dabba, ko duka biyun."

Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Amma kunnen jama'a irin rariya ne, sai abin da ya so yake riƙewa. "Ƙazantar dabba" kaɗai suka ji, kawuna kuwa suka juya gaba ɗaya zuwa ƙasa, inda Marka ke tsaye a kan dutse da tumbi a hannu yana ɗiga.

Taiba ce ta fara. "Inna Marka, ki ji tsoron Allah. Ɗiyata tana kwance."

"Allah ya ba ta lafiya. Ke Taiba, tun da anka haihe ki, kin taɓa ganin ruwa ya hau tudu?"

"Ai ya toshe, baya yake komawa."

"Ya toshe, awo. Kanki ma ya toshe, amma ban ga hankali ya komo baya ba."

Aka yi dariya kaɗan, dariyar da ba ta ceci kowa ba. Ƙazantar Marka a fili take, kowa na gani kullum. Ta Alhaji tana bayan bulo. Mai gari ya ce Marka ta dakata da wanki a nan har a bincika. Alhaji kuma, don taimakon jama'a in ji shi, ya zagaye idon gaba ɗaya da waya mai ƙaya, tun daga gamji har ƙasa. Ya sa inji a bakin maɓuɓɓugar, inda ruwan ke da ɗan sauran haske, yana ja wa shanunsa, ya fito da bututu guda waje, a buɗe da safe mata su yi layi. Ya ajiye maigadi, Jatau, wani dogo mai dorina wanda bai san kowa a garin ba, abin da ya sa aka ɗauke shi ke nan.

Dutsen Marka ya koma cikin waya.

Ina za ta? Gulbi ya yi nisa, kuma tun da masu bindiga suka fara biyo bakinsa ba mai zuwa can sai wanda ya gaji da duniya. Rijiyar gidansu zartsi ce, guga uku ta ƙare. Ta gwada da ruwan jarka, kayan suka fito da wari. Masu tuwo-tuwon da suka yi shekaru suna saye wajenta suka fara kau da kai. Yara suka sa mata suna, Mai Kashe Ruwa. Wannan ya fi yunwa ci mata rai. A ce ita, jikar mai dutse, ita ta kashe Idon Gamji?

Wata Talata da sassafe ta ɗauki kwanonta cike da tumbi, ta ɗaga waya da itace, ta kutsa. Ba dutsen ta nufa ba tukuna. Sama ta hau, bayan gamji, inda ba a barin kowa ya je. A gindin katangar Alhaji ta ga ƙasa ta jiƙe baƙi ƙirin, wani ruwa mai kauri yana tsattsafowa yana shigewa ƙarƙashin ciyawa. Ta dangwala ta shinshina. 'Yar Rundawa ba ta buƙatar malami ya fassara mata warin fitsarin shanu.

Tana miƙewa ta ji dorina a gadon baya.

"Gwaggo, ba an hana ki ba?"

"Wa ya haihe ka da za ka ce min Gwaggo kana dukana? Zo ka ga abin da ubangidanka ka zubawa."

Bai zo ya gani ba. Ya ƙara mata a wuya. Ita kuma ta sunkuci tumbi guda, cike yake ba a juye ba, ta maka masa a fuska har ya fashe. Jatau ya tsaya yana tofarwa, dauɗa na bin gemunsa, sannan idonsa ya rufe. Ya shure kwanon, ya naushe ta a baki, haƙori ya fita. Ta kama masa 'yan yatsu ta gantsara. Ya kayar da ita ya tattaka, ya kama ƙafarta ya ja ta a ƙasa, ya fizgo ta ta ƙarƙashin waya, ƙayoyin suka tsage mata baya tun daga kafaɗa har ƙugu. Matan da ke layin bututu suna kallo. Wasu sun yi salati. Ba wadda ta ajiye tulu.

Da wata ce, da sai ta tafi gida ta kwanta. Marka ta hau bayan a-kori-kura ta nufi kasuwar Mafara, ba ta goge ko ɗigon jini ba. Ta ratsa rumfunan mahauta a hankali, kamar amarya, ta tsaya gaban teburin ƙanenta, ta juya masa baya.

Ɗan Asabe ya ajiye gatari. "Yaya, wa?"

"Waya," in ji ta. "Da ɗan da ke tsaronta. Ku ci gaba da sara, ai namanku na dabba ya hi nawa daraja."

Kafin a ce haka rumfuna sun tashi. Wani dattijon Rundawa ya tare hanya ya ce ba inda za a je da ƙarfe, wuƙar fawa ba a zare ta ga ɗan Adam, haka suka gada. Aka shimfiɗa fata, kowa ya zube wuƙarsa da gatarinsa, har ƙaramar da ake sokewa a ƙugu. Dabara ce mai kyau. Za a je a nuna wa mai gari bayan Marka, a nuna masa gindin katanga, a dawo. Abin da dattijon ya manta ya hana shi ne kalangu. To wa ma zai tuna? Rundawa ko biko za su je da makaɗi suke tafiya. Makaɗin ya rataya abinsa ya bi su, ba wanda ya ga laifin haka.

Rana ta take suka isa, mutanen gari suka biyo su, mata da maza, har da Taiba. Da farko makaɗin kiɗan tafiya yake yi. Amma da suka zo jikin waya, ya hango tozayen bijimai sun leƙo ta saman katanga, sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru in ya ga sa. Ya saki taken hawan ƙaho.

Wanda bai tashi a gidan fawa ba ba zai gane ba. Kiɗan nan ba ta kunne yake shiga ba. Samari suka fara kirari suna tsuma, aka manta da mai gari, aka manta da dattijo. Suka kama turakun waya da hannu suka tumɓuke, tafukansu na zubar da jini ba su sani ba. Jatau ya zabga wa na farko dorina, ya zabga wa na biyu, na uku ya ɗauke shi ya buga da ƙasa. Suka rufe shi da duka, da ƙafa, da turken waya. Wani ya samu idonsa. Da ƙyar ya zame, rabin fuskarsa a fashe, ya rarrafa ya shige garke. Ya san in suka cim masa kashe shi za su yi. Sai ya buɗe ƙofa, ya kwance babban cikinsu, wani farin bajimi mai tozo kamar tulu, wanda kiɗa da ihu suka riga suka haukata.

Ɗan Asabe ne a gaba. Ya buɗe hannu zai shiga kamar yadda ya saba, sai dai ya saba da bajimin da ke da igiya a wuya da ƙafa, da ƙarti riƙe da ita. Wannan ba mai riƙe shi. Ƙaho ya shige masa cinya, ya ɗaga shi sama ya yar bayan waya kamar tsumma. Bajimin ya bi ta kan wani saurayi, aka ji ƙashi ya karye. Kalangu ya yi shiru. Maza suka watse, masu kirarin nan sun fi kowa sauri. Mata kuwa sun taru a lungu tsakanin gamji da sauran wayar da ba a cire ba, ba hanyar fita, Taiba a gaba da goyo. Bajimin ya juyo, ya sunkuyar da kai, ya fara tonon ƙasa.

Marka ba don Taiba ta yi ba, kada wani ya yi mata ƙaryar kirki. Ita dai ta ga sa ya sunkuya, ta ga kowa ya tsaya nesa, maganar ubanta ta faɗo mata. Ta ɗaure zane, ta ruga ta shige duka, ƙirjinta bisa goshinsa, hannuwa zagaye da wuya, ƙahoni biyu suna gefen haƙarƙarinta. Abin da aka hana ta tun tana yarinya, ta same shi da furfura a kai.

Bai durƙusa ba. Ina igiyar da za ta durƙusar da shi? Ya ɗauke ta ya zabura. Ya maka ta da jikin gamji, ba ta saki ba. Ya girgiza kai, kafaɗarta ta dama ta goce da ƙara, ta sa haƙoran da suka rage ta kama fatar wuyansa. Da yake ta rufe masa ido, bai san inda yake zuwa ba. Ya koma tudu, ya keta zana, ya hau kan ganuwar ramin taki. Ƙasar da fitsari ya daɗe yana ci ta ƙasa ba ta ɗauki nauyinsu ba. Ta burme.

Duk abin da bijimai suka tara shekara biyu ya taso gaba ɗaya. Ya ture gindin katanga, ya share ciyawa, sai ga tsohuwar hanyarsa a fili, kwari ne da ya daɗe da ci, baƙi da kore, miƙe sak daga ramin Alhaji zuwa saiwar gamji. Gari duka yana tsaye yana kallo. Ba wanda ya buƙaci duba-gari. Suna kallo kuma ya cika idon, ya haɗiye injin, ya bi wajen wanki, ya gangara ya binne dutsen Rundawa.

Aka jawo Marka da ƙyar, ba a gane gabanta da bayanta. Bajimin kuwa ya karye a cikin ramin, yana nitsewa yana kuka. Aka yi ta ihu, "A yanka! A yanka kada ya yi mushe!" Mahauta sun fi a ƙirga a wurin, kowa ya shafa ƙugu. Wuƙaƙe suna Mafara a kan fata. Kafin a samo ta yankan kuɓewa daga wani gida, sa ya mutu mushe a gaban Rundawa. Har yau in kana son faɗa a rumfar nama, tambayi labarin nan.

Sauran kuwa irin wanda kuka sani ne. 'Yan sanda suka zo, aka kwashi samari. Jatau ya rasa ido, ya bar garin. Ɗan Asabe ya tashi da ɗingishi, ya bar hawan ƙaho. Alhaji Muttaka ya rantse bai san ramin na yoyo ba, wataƙila ma gaskiyarsa ce, mai shanu ba ya zagawa bayan shanu. Aka yi zama, aka ce ya mayar da ramin can bayan tudu, a cire waya, ya haƙa rijiyar burtsatse ya jona wa bututu tunda yanzu ba abin sha a idon. Mai gari da bakinsa ya ce Marka ba ta da laifi.

Taiba ta kai mata kunu asibiti, tana sunkuyar da kai. "Inna, ki gafarce ni."

"Na gafarta. Da wane ruwa kinka dama?"

Da aka sallamo ta, haƙarƙari a ɗaure, hannu ɗaya a rataye, ba gida ta fara zuwa ba. Ta sa aka kai ta Idon Gamji. An wanke sunanta, waya ta tafi, amma ruwan baƙi ne kamar na marina, ƙuda ya yi gari a kai, kuma ta san cewa abin da ke ɗiga a hankali ita da bajimi suka juye shi rana ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta karɓi fartanya da hannun hagu, ta auna daga gamji da ido, ta fara tono.

Kwanaki tana yi ita kaɗai kafin Taiba ta zo da kwando, wasu suka biyo ta, suna kwashe laka suna jan gansakuka suna tarawa a tudu, masu lambu na rububi. Sai da damina biyu ta wanke wurin kafin ruwa ya fara nuna yashin ƙasansa. Har yanzu ba a sha. Kifi bai dawo ba. Amma dutsen ya fito, da lotsawarsa yadda kaka ta bar shi, Marka kuma tana kansa kowace safiya. Ta take tumbi da ƙafa, ta murza da hannu ɗaya, ta kai gida ta sake ɗaurayewa da ruwan bututu. Hannu ɗaya ba ya kai wa kowane lungu.

Kwanan baya wani direba ya tauna yashi a farfesu, ya tashi da faɗa, mai tuwo ta nuna masa Marka tana wucewa da kwano. Ya ce, "Iya, wannan wane irin wanki ne?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Tauna, ɗan nan. Yashin Idon Gamji ne. Ni da haƙarƙari na biya shi, kai kyauta anka zuba maka."